Sa-kai Wajen Koyar da Turanci a Ƙasashen Waje: Me Ke Rage wa Ɗalibi Bayan Baƙo Ya Tafi?

Duk mai riƙe da babbar waya zai iya cin karo da irin wannan talla: hoton wata matashiyar Baturiya tsaye a gaban allo, yara sun kewaye ta suna washe baki, a ƙasa kuma an rubuta cewa ana neman masu sa kai da za su je Kambodiya ko Nepal ko Tanzaniya su koyar da Turanci. Kowa da irin fassarar da yake yi wa tallar. Matashin da ya gama digiri yana zaman jiran aiki yakan ɗauka ƙofar albashin dala ce ta buɗe. Wani yakan ɗauka sadaka ce tsantsa, wadda bai kamata a tsaya yi mata tambayoyi ba. Akwai kuma dattawan da suka ga zamanin da irin waɗannan baƙi suka cika makarantun sakandare na Najeriya da Nijar. Wasunsu suna tuna su da alheri, wasu kuwa har gobe suna ganin akwai lauje cikin naɗi.

Tushen ruɗanin shi ne an tara abubuwa mabambanta a ƙarƙashin suna guda. Sai an rarrabe su kafin a iya yi wa kowanne adalci. Ma'aunin da ya fi dacewa a auna su da shi kuwa guda ne, wato abin da ya zauna a kan ɗalibi da makarantarsa bayan baƙon malami ya ɗaure kayansa ya koma gida.

Ma'anar kalmomin

Sa-kai shi ne mutum ya ɗauki wani aiki don raɗin kansa, ba tilas, ba kuma don albashi ba. A 'yan shekarun nan, idan aka ce 'yan sa-kai a Zamfara ko Katsina, hankali yakan tafi ga matasan da ke ɗaukar makami don kare ƙauyukansu. Ba su ake nufi a nan ba. Haka nan bautar ƙasa da aka kafa a Najeriya a 1973 ba sa-kai ba ce, domin doka ce ta wajabta ta a kan masu digiri, ko da yake yawancin 'yan bautar ƙasa a aji suke ƙarewa.

Turanci a asali harshen Turawa ne kowane iri, amma a bakin mutanen Najeriya ya zama sunan Ingilishi. A Nijar, inda Faransanci ne harshen makaranta tun zamanin mulkin mallaka, akan fi bambantawa. A wannan sharhi, Turanci da Ingilishi abu ɗaya ne.

Akwai kuma bambanci tsakanin albashi da alawus. Albashi ladan aiki ne. Alawus ɗin mai sa kai kuwa kuɗin ci da sha ne da ɗan abin hawa, wanda akan auna shi daidai da rayuwar mutanen garin da aka tura shi.

Sai kalmomi biyu da suka cika tallace-tallacen. TEFL gajarta ce ta jimlar Turanci mai nufin koyar da Ingilishi ga waɗanda yake baƙon harshe a ƙasarsu. Sunan fanni ne, ba sunan wata hukuma ba, don haka kowane kamfani na iya buga takarda ya kira ta shaidar TEFL, ko da kwas ɗin na kwana biyu ne a intanet. CELTA kuwa takardar shaida ce takamaimiya da ke ƙarƙashin Jami'ar Cambridge ta Ingila. Kwas ne na kimanin sa'o'i 120, a cikinsu akwai sa'o'i shida da mutum zai koyar da ɗalibai na gaske ana kallonsa ana ba shi maki. Ana girmama ta a duniya, amma ya kamata a san cewa don koyar da manya aka tsara ta, kuma a wata guda ko ɗan fiye ake kammala ta. Takardar NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar malanta a Najeriya, shekara uku take ci.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba

Kashi na farko shi ne shirye-shiryen gwamnatoci da manyan ƙungiyoyi, irin su Peace Corps ta Amurka, da VSO ta Birtaniya, da shirin masu sa kai na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka kafa a 1970. Waɗannan su ke ɗaukar nauyin tafiyar, suna tantance mutum, kuma zaman yana da tsawo. Ɗan Peace Corps yakan yi wata 27: kimanin uku na horo da koyon harshen mutanen wurin, sannan shekara biyu a bakin aiki.

Kashi na biyu ba sa-kai ba ne ko kaɗan, aikin albashi ne, kamar shirin JET da Japan ta fara a 1987 don kawo mataimakan malaman Turanci makarantunta. Ana yawan gwama shi da sa-kai ne kawai saboda masu tafiyar duk matasa ne.

Kashi na uku shi ne ya fi yawa a intanet, kuma shi ne ya fi jawo ce-ce-ku-ce. Kamfani ne zai karɓi kuɗi daga hannun matashi, daga ɗaruruwan daloli zuwa dubbai, ya shirya masa masauki da abinci da makarantar da zai shiga ya koyar na mako biyu ko huɗu, a ƙarshen mako kuma a kai shi kallon namun daji ko bakin teku. Turawa sun ƙera wa wannan suna ta hanyar haɗa kalmarsu ta sa-kai da ta yawon buɗe ido. Da Hausa ana iya kiransa yawon buɗe ido cikin rigar taimako. A nan mai tafiyar shi ne kwastoma, kuma kamfani kwastomansa yake ƙoƙarin faranta wa rai.

Daga ina abin ya samo asali?

Tarihin ya fara ne a lokacin da mulkin mallaka ke naɗe tabarmarsa. A 1958 wani Bature mai suna Alec Dickson da matarsa Mora suka kafa VSO, suka fara tura samarin da suka gama sakandare zuwa wurare irin su Sarawak da ke tsibirin Borneo, kuma koyar da Turanci na cikin aikinsu tun rukunin farko. A Oktoban 1960, John F. Kennedy, yana yaƙin neman zaɓen shugaban Amurka, ya tambayi ɗaliban Jami'ar Michigan ko za su yarda su je su yi wa ƙasashe masu tasowa hidima. Ranar 1 ga Maris 1961, bayan ya hau mulki, ya sa hannu a kan umarnin kafa Peace Corps, ya naɗa surukinsa Sargent Shriver ya shugabance ta. Rukunin farko da ya isa bakin aiki malamai ne kimanin hamsin da suka sauka a Accra ta ƙasar Gana a ƙarshen Agustan wannan shekara. Daga lokacin zuwa yau, Amurkawa fiye da 240,000 sun yi wannan hidima a ƙasashe fiye da 140, kuma ilimi ne fannin da ya fi ɗaukar mutane.

Buƙatar ta gaske ce. Sabbin ƙasashen Afirka suna buɗe makarantun sakandare da sauri fiye da yadda suke iya horar da malamai, ma'aikatan mulkin mallaka kuma suna komawa gida. Sai dai lokacin na yaƙin cacar baka ne tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, kuma Amurka ba ta ɓoye cewa tana son a san ta a kuma so ta ba. Manufofin Peace Corps guda uku ne a rubuce: samar wa ƙasashe ƙwararrun ma'aikata, sa mutanen ƙasashen su fahimci Amurkawa, da sa Amurkawa su fahimci sauran al'ummu. Biyu cikin uku ke nan sun shafi sanin juna. Wanda ya riƙe wannan zai gane dalilin da ya sa hukumar ke ganin an yi nasara ko da maki bai ƙaru a jarrabawa ba.

Zargin leƙen asiri ya bi shirin tun farko. Hukumar ta kafa dokar hana duk wanda ya taɓa aiki da hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA shiga cikinta, amma hakan bai kashe zargin ba. Bolibiya ta kori masu sa kan a 1971, Rasha kuma ta rufe shirin a 2002.

Yadda abin ya kasance a Najeriya da Nijar

A Najeriya ce Peace Corps ta gamu da abin kunyarta na farko. A Oktoban 1961, wata matashiya mai suna Margery Michelmore, tana cikin masu karɓar horo a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, ta rubuta wa wani abokinta a Amurka katin gaisuwa, irin wanda ake aikawa ba ambulan, tana bayyana ƙazanta da talaucin da ta ce ta gani. Katin bai kai gidan waya ba, ya faɗa hannun ɗalibai, suka kwafe shi suka rarraba. Aka yi gangami, labari ya shiga jaridun duniya, ita kuma ta bar ƙasar. Shekara guda ke nan da samun 'yanci, kuma abin da ya ƙona ran ɗaliban shi ne ganin cewa wadda ta zo da sunan taimako tana kallonsu daga sama. Duk da haka shirin ya ci gaba, ya zama ɗaya daga cikin mafiya girma a Afirka, kafin yaƙin basasar da ya ɓarke a 1967 ya karya shi.

A Nijar kuwa an fi daɗewa. Rukunin farko a 1962 mutum bakwai ne, kuma Turanci suka zo koyarwa. Aka ci gaba kusan shekara hamsin, sama da mutum dubu uku suka ratsa ƙasar, da yawansu a garuruwan Hausawa na jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa. A Janairun 2011, bayan an sace wasu Faransawa biyu a wani gidan cin abinci a Yamai aka kashe su, sai aka kwashe masu sa kan gaba ɗaya.

Akwai wani abu a wannan tarihi da ya cancanci a tsaya a kansa. Paul Newman yana cikin rukunin farko da ya zo Najeriya a 1961, ya koyar a sakandare a Maiduguri. Daga baya ya dawo Kano ya shugabanci cibiyar nazarin harsunan Najeriya a kwalejin da ta zama Jami'ar Bayero, kuma a 2000 ya fitar da babban littafinsa na nahawun Hausa, wanda manazarta ke dogaro da shi a ko'ina. Marigayi Russell Schuh ya yi nasa sa-kan a Nijar a tsakiyar shekarun 1960 a fannin yaƙi da jahilci, ya ƙare a matsayin shehun malamin Hausa da harsunan Cadi a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles. William Miles ya koyar da Turanci a Magarya a ƙarshen shekarun 1970, ya kuma rubuta littafi a 1994 a kan yadda iyakar Turawa ta raba ƙasar Hausa, inda ya kwatanta ƙauyen Yardaji na Najeriya da Yekuwa na Nijar. Harshen Hausa ya ci moriyar waɗannan mutane ƙwarai, kuma babu dalilin hana su yabo. Amma labarinsu yana nuna inda ribar ta fi tabbata. Sun zo koyarwa, sun koma da harshe da sana'a da abin yi na tsawon rai. Abin da baƙo ya samu a bayyane yake, an rubuta shi a littattafai. Abin da ɗalibansa suka samu ya danganta da irin malamin da ya kasance a cikin aji.

Jin harshe daban, koyar da shi daban

Babban kuskuren da aka gina tallace-tallacen a kai shi ne cewa duk wanda ya tashi da Turanci a baki zai iya koyar da shi. Bahaushe na iya gwada wannan da kansa. A tambayi wanda aka haifa a Kano dalilin da ya sa ake cewa "ya tafi" amma a ce "shi ne ya tafi" da wani sauti daban a kan "ya", ko me ya sa ake cewa "motar Audu" amma "gidan Audu". Zai ce haka ake faɗa. Gaskiya ya faɗa, amma ɗalibi bai ƙaru ba.

A ɗauki ajin farko na ƙaramar sakandare a wani gari na ƙasar Hausa, yara sittin ko fiye, uku uku a benci, littafi ɗaya a tsakaninsu. Baƙuwar malama ta rubuta "pull" da "full" a allo, ta karanta, yara suka maimaita, ta ji duk abu ɗaya suke faɗa. Ta sake, suka sake. Ba ta san cewa Hausa ba ta raba waɗannan sautuka biyu ba, harafin "f" na Hausa da leɓɓa biyu ake furta shi, a Sakkwato da Nijar ma yakan karkata zuwa "h". Malamin da ya tashi da Hausa ya san wannan tun kafin ya shiga aji, domin shi ma ya sha fama da shi. Zai ce wa yara su ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa su hura iska, cikin minti biyar an wuce wurin. Ya kuma san dalilin da ya sa yaro ke cusa wasali a tsakanin baƙaƙe, domin ta haka ne Hausa ta mai da kalmomin Turanci suka zama direba da burodi da sukurudireba.

Sai malamar ta tambayi wani yaro da Turanci, ba ka yi aikin gida ba? Yaro ya sunkuyar da kai ya ce "yes". A zuciyarsa cewa ya yi, e, ban yi ba, kamar yadda Hausa ke amsa tambayar korewa. Ita kuwa ta ji ya ce ya yi. Da ta duba littafinsa ta ga wayam, sai ta ɗauka ƙarya ya yi mata, ga shi kuma ya ƙi haɗa ido da ita. Yaron ladabi yake yi, domin a gidansu ba a zura wa babba ido.

Baƙon da zai zauna shekara biyu, ya koyi harshen gari, ya ci tuwo tare da sauran malamai, zai gano duk waɗannan, wataƙila a zangon karatu na biyu. Mai mako uku ba zai gano ba. Abin da ya fi faruwa a makarantun da ke karɓar masu gajeren zama shi ne, kowane sabon baƙo yana farawa daga gaisuwa da launuka da ƙirga da sunayen gaɓoɓin jiki, domin su ne ke da sauƙin koyarwa da waƙa da wasa. Yara su haddace darasi ɗaya sau biyar a shekara, manhajar da za a yi musu jarrabawa a kanta tana nan jingine.

Hujjar masu goyon baya

Masu kare shirin suna da maganganu masu nauyi. Suna cewa a ƙasashen da ba a jin Turanci a titi, yaro na iya shekara shida yana haddace nahawu bai taɓa buɗe baki ya yi hira da shi ba, zuwan wanda dole sai da Turanci za a yi magana da shi yana kwance wa yara harshe ya cire musu tsoro. Suna cewa masu sa kai sukan karɓi ƙauyukan da malaman gida ke gudu. Suna kuma nuna cewa ƙasashen ne da kansu ke gayyata. Chile ta buɗe shirinta na Turanci a 2003 ta nemi masu sa kai, Jojiya ta yi haka a 2010, Ruwanda kuma da ta sauya harshen koyarwa daga Faransanci zuwa Turanci a 2008 ta wayi gari da dubban malaman da su kansu suke buƙatar koyon harshen.

Manyan ƙungiyoyin sun kuma gyara salonsu. VSO ta daina tura 'yan sakandare a matsayin ginshiƙin aikinta, ta koma neman ƙwararru masu shekaru a kan aiki, kuma a 2007 shugabarta ta reshen Birtaniya ta fito fili ta soki kamfanonin gajeren zama. A ƙasashe da dama ɗan Peace Corps tare da malamin gida yake shiga aji, su tsara darasi tare. Wannan tsari ne ya fi amsa ma'aunin da aka kafa a sama, domin malamin gida zai ci gaba da koyarwa shekara ashirin ko talatin bayan baƙo ya tafi. An ga muhimmancin haka a Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta sa Peace Corps ta kwashe masu sa kanta kimanin 7,000 daga duk ƙasashen duniya cikin 'yan kwanaki. Inda aji ya dogara ga baƙo shi kaɗai, ranar ce darasi ya tsaya.

Hujjar masu suka

Sukar ta girmi intanet. A 1968 wani masani mai suna Ivan Illich ya tsaya gaban wasu matasan Amurka masu shirin yin sa-kai a Meziko ya gaya musu cewa kyakkyawar niyya ba ta isa ba, gara su zo a matsayin masu koyo. A 1992 wani manazarci mai suna Robert Phillipson ya fitar da littafi a kan abin da ya kira mulkin mallaka ta hanyar harshe, inda ya lissafa wasu aƙidoji da ya ce ba su da tushe, ciki har da cewa ɗan asalin harshe ne malami mafi kyau, da cewa Turanci zalla ya kamata a yi amfani da shi a aji.

Illar wannan aƙida tana sauka ne a kan malamin gida. Ya yi shekaru yana karatu, albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, sai ga ɗan shekara goma sha tara da bai taɓa riƙe alli ba, shugaban makaranta na rawar jiki a kansa, iyaye na cewa yanzu ne yara za su ji Turanci na asali. Yaro yana kallon duk wannan, kuma darasin da yake ɗauka shi ne ilimi yana da launin fata. Wani lokacin ma akan bar gurbin malami a buɗe domin baƙi na zuwa kyauta.

Akwai kuma tambayar ko ƙarin Turanci da wuri shi ne maganin. A gwajin da marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, an koyar da yara dukkan darussan firamare da Yarabanci na shekara shida, Turanci kuma a matsayin darasi guda a hannun malaman da aka horar don shi. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin ma. Najeriya ta amince da manufar koyarwa da harshen uwa a firamare a 2022, sannan ta soke ta a ƙarshen 2025, muhawarar kuwa ba ta mutu ba. Abin da gwajin Ife ya nuna shi ne horon malami da harshen da yaro ke fahimta su ne ke riƙe da karatu.

Gidajen marayu

A nan ne batun ya tashi daga rashin amfani ya koma cutarwa. Wani bincike da UNICEF ta tallafa a Kambodiya, wanda aka fitar a 2011, ya gano cewa yawan gidajen marayu ya ƙaru da kashi 75 cikin ɗari tsakanin 2005 da 2010, kuma kimanin kashi uku cikin huɗu na yaran da ke ciki suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne da alƙawarin karatu, musamman Turanci, ke sa iyaye su miƙa 'ya'yansu, kuɗin baƙi kuma shi ke riƙe da gidajen. Yaro ya shaƙu da baƙuwa, ta tafi, wata ta zo, ta tafi. Ostareliya ta kai ga ɗaukar safarar yara zuwa irin waɗannan gidaje a matsayin wani nau'i na bautar zamani a 2018.

Inda ba a bincikar tarihin mai zuwa, mugu ma yana samun hanya. A 2016 wata kotu a Landan ta yanke wa wani ɗan Birtaniya, Richard Huckle, hukuncin ɗaurin rai da rai har sau 22 saboda lalata da ƙananan yara a Malesiya, inda ya shiga cikin talakawa da sunan malamin Turanci mai taimako. Duk makarantar da za ta karɓi baƙo, daga kowace ƙasa ya fito, haƙƙin yara ne a kanta ta nemi shaidar 'yan sanda daga ƙasarsa, kada kuma a bar shi shi kaɗai da yara.

Matashinmu da ke son tafiya

Yawancin tallace-tallacen ba da ɗan Najeriya ko ɗan Gana aka tsara su ba. Peace Corps ta 'yan Amurka ce kaɗai. Koriya ta Kudu ta daɗe tana fifita fasfo na ƙasashe bakwai wajen ba da bizar malamin Turanci: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ireland, Ostareliya, New Zealand da Afirka ta Kudu. Wanda ya yi karatunsa da Turanci tun daga firamare har digiri na biyu a Zariya ba ya cikin wannan jeri. Kamfanonin gajeren zama za su karɓi kuɗin kowa, amma shiga ƙasa da bizar yawon buɗe ido a kama koyarwa laifi ne a wurare da dama. A Tailan, ko aikin kyauta ne sai da izinin aiki.

Wajibi ne kuma a yi hattara da 'yan damfara. A 2023 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa aƙalla mutum 120,000 a Myanmar da kimanin 100,000 a Kambodiya ake tsare da su ana tilasta musu damfarar mutane ta intanet, da yawansu da tallar aikin bogi aka yaudare su, kuma masu jin Turanci na cikin waɗanda ake farauta, har da 'yan Afirka.

Ƙofofi na gaskiya suna nan. Shirin masu sa kai na Majalisar Ɗinkin Duniya yana ɗaukar 'yan kowace ƙasa kuma ba ya karɓar kuɗin neman shiga. Najeriya tana da nata shirin, TAC, wanda gwamnatin Janar Babangida ta kafa a 1987 lokacin Farfesa Bolaji Akinyemi yana ministan harkokin waje, yana tura malamai da likitoci da sauran ƙwararru na shekara biyu zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan da tsibiran Fasifik. Akwai ma shirin Fulbright da ya sha ɗaukar matasan malaman Turanci daga Najeriya zuwa jami'o'in Amurka domin su koyar da Hausa.

Buƙatar da ke bakin ƙofa

A Maris na 2025 hukumomin Nijar suka fitar da sabon kundin tafiyar da ƙasa wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Idan za a aiwatar da wannan a makarantu, ƙasar za ta buƙaci malaman Ingilishi masu yawa, da masu horar da su, a daidai lokacin da baƙin da suka saba cike wannan gurbi suka shekara fiye da goma da tafiya. A ɗaya gefen iyakar, kwalejojin ilimi na Katsina da Sakkwato da Kano da Gumel suna yaye masu NCE a fannin Turanci kowace shekara, da yawansu ba su da aji. Suna jin harshen da yaron Maraɗi ko Birnin Ƙonni ke ji, sun san inda harshensa zai harɗe tun bai buɗe baki ba, abinci da addini da gaisuwa duk ba baƙi ba ne a wurinsu. Abin da zai hana wannan haɗuwa ba ƙarancin malamai ba ne, tsamin dangantakar gwamnatocin biyu ne tun juyin mulkin Yulin 2023, da matsalar tsaro a kan hanya, da kuma wanda zai biya alawus. Tsakanin Katsina da Maraɗi dai tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota.